Sharhi: Karatun kwaleji tun daga sakandare a Amurka, da darajar takardar da ɗalibi ke fita da ita

Alƙaluman shekarar karatu ta 2022/2023 su ne na farko da Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta tattara kai tsaye daga kwalejoji da jami'o'in ƙasar a kan yawan 'yan sakandaren da ke ɗaukar darussa a wurinsu. Da aka haɗa lissafin, sai aka tarar da yara kusan miliyan 2.5 waɗanda ba su kammala sakandare ba, amma sunayensu na cikin rajistar wata kwaleji ko jami'a. A kwalejojin al'umma, wato masu karatun shekara biyu da jihohi da gundumomi ke ɗaukar nauyi, ɗalibi ɗaya cikin kowane biyar ɗan sakandare ne. A jihohin Idaho da Indiyana kuwa, 'yan sakandaren sun zarce rabin ɗaliban irin waɗannan kwalejoji.

Wannan tsari na rajista biyu, inda yaro ke zama ɗalibin sakandare kuma ɗalibin kwaleji a lokaci guda, yana cikin 'yan tsirarun manufofin ilimi da jam'iyyun Republican da Democrat ba sa sa-in-sa a kansu. Gwamnonin ɓangarorin biyu suna alfahari da shi, iyaye suna rububinsa, kwalejoji kuma sun rungume shi hannu bibbiyu. Lissafin da ake yi wa iyaye mai sauƙi ne. Digirin farko a Amurka kiredit 120 ne, ƙaramin digiri na shekara biyu kiredit 60, kwas guda kuma galibi kiredit 3. Yaron da ya ci kwas goma kafin ya bar sakandare ya rage wa kansa shekara guda a jami'a, ya kuma rage wa iyayensa kuɗin shekara guda, a ƙasar da bashin karatu ya haura dala tiriliyan 1.5.

Sai dai wannan lissafi yana tsaye ne a kan wani zato da ba kowace jiha ta tabbatar da shi ba: cewa jami'ar da yaron zai shiga za ta karɓi kiredit ɗin, ta kuma ƙirga shi cikin digirin da ya zaɓa. Majalisun jihohi sun fi saurin fitar da kuɗin shigar da yara cikin tsarin fiye da rubuta dokar da za ta ba abin da suka karanta daraja. A nan ne manufar ke cin nasara ko ta faɗi, kuma a nan ne ba a cika kai idon 'yan jarida ba.

Tushen abin ba sabo ba ne. Jihar Minesota ce ta fara kafa doka a 1985, zamanin Gwamna Rudy Perpich, wadda ta ba ɗaliban aji biyu na ƙarshe a sakandare damar zuwa kwaleji da kuɗin jiha. Jihar Washinton ta bi sahu a 1990 da shirinta mai suna Running Start. A wancan lokaci ana kallon abin a matsayin mafita ga haziƙan yaran da aji ya yi wa kaɗan. Daga baya manufar ta juya. A 2002 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta zuba kuɗi wajen kafa makarantun sakandare masu haɗe da kwaleji, kuma waɗanda aka nufa da su 'ya'yan talakawa ne da waɗanda babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidajensu. Bayan 2010 sai jihohi suka buɗe ƙofa gaba ɗaya. A 2015 Teksas ta cire iyakar yawan darussan da yaro zai iya ɗauka, ta kuma bar 'yan aji tara da na goma su shiga. A shekarar ce Ohayo ta ƙaddamar da College Credit Plus, wanda ke karɓar yara tun daga aji bakwai. Idaho ta ɗauki wata hanya a 2016, ta ware wa kowane ɗalibin makarantar gwamnati dala 4,125 da zai kashe a kan irin waɗannan darussa da jarrabawa. A Kalifoniya, shugabar kwalejojin al'umma ta jihar, Sonya Christian, ta sa gaba da burin ganin kowane ɗan aji tara ya ɗauki aƙalla kwas ɗaya na kwaleji.

Gwamnatin tarayya ba ta da hannu sosai a duk wannan. Kundin tsarin mulkin Amurka bai ambaci ilimi cikin ayyukan tarayya ba, saboda haka ya zama hurumin jihohi, kuma abin da Washinton ke bayarwa ga makarantun firamare da sakandare a shekarun da babu tallafin gaggawa bai cika wuce kashi 10 cikin 100 ba. Tallafin Pell, wanda shi ne babban agajin tarayya ga talakawan ɗaliban jami'a, bai shafi wanda bai kammala sakandare ba. Gwamnatin Obama ta gwada buɗe shi ga 'yan sakandare a kwalejoji 44 a 2016, amma abin bai wuce gwaji ba. Umarnin da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a watan Maris na 2025 na fara rushe Ma'aikatar Ilimi ta tarayya ya ƙara tabbatar da cewa jihohi hamsin ne za su ci gaba da yanke hukunci, kowace da tata doka.

Wa ke biya, wa ke koyarwa

Kalmar "kyauta" da ake yawan liƙa wa tsarin tana ɓoye wata rigima ta kasafin kuɗi. A Ohayo, ɗalibin makarantar gwamnati ba ya biyan ko sisi, amma jiha tana cire kuɗin ne daga kason gundumar makarantar da yaron ya fito ta miƙa wa kwalejin. Farashin kuma hawa-hawa ne: kwas ɗin da malamin sakandare ya koyar a cikin ajin sakandare, kuɗinsa kusan rubu'in wanda aka koyar a harabar kwaleji ne. Ba sai an yi dogon nazari ba kafin a gane inda shugaban makaranta zai karkata yaransa. Wani binciken gwamnatin tarayya da ya bi sawun yaran da suka shiga aji tara a 2009 ya nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na masu rajista biyu a makarantarsu suka ɗauki darasin, ba su taka harabar kwaleji ba.

Ma'anar haka ita ce, mafi yawan abin da ake kira karatun kwaleji yana gudana ne a ajin da yaron ya saba, a gaban malamin da ya saba, tare da abokan da ya saba. Abin da ya sauya shi ne manhaja da kuma tambarin da ke kan takardar sakamako. Wannan ba lallai ya zama aibi ba. Ga ƙauyen da ke da tazarar tafiyar awa biyu daga kwaleji mafi kusa, babu wata hanya in ba wannan ba. Amma ya jawo tambayar da malaman jami'a suka daɗe suna yi a tarurrukansu: wa ya tabbatar cewa darasin Turanci ko lissafin da aka koyar a can daidai yake da na harabar?

Hukumar tantance manyan makarantu ta Higher Learning Commission, wadda a lokacin take kula da jihohi 19 na tsakiyar ƙasar, ta yi yunƙurin amsa tambayar a 2015. Ta ce malamin da zai koyar da irin wannan kwas sai yana da digiri na biyu a fannin, ko kuma digiri na biyu a wani fanni tare da kiredit 18 na karatun gaba da digiri a fannin da zai koyar. Nan take aka ga tsirara. Dubban malaman sakandare suna da digiri na biyu, amma a fannin koyarwa ne, ba a tarihi ko kimiyyar sinadarai ba. Indiyana da Minesota suka nemi a ɗaga musu ƙafa, aka ɗaga, wa'adin ya cika aka sake ɗagawa, jihohi suka riƙa biyan kuɗin mayar da malamai makaranta. A ƙarshen 2023 hukumar ta sassauta ƙa'idar, ta bar wa kowace kwaleji ta auna cancantar malamanta. Masu goyon baya sun ce an fuskanci gaskiya ne, domin malamin da ya shekara ashirin yana koyar da lissafi bai rasa komai ba sai takarda. Masu suka sun ce an saukar da ma'auni ne domin ya yi daidai da tsawon waɗanda ake aunawa. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiya, amma abin lura shi ne cewa kwalejin da aka bar wa alƙalancin ita ce kuma mai cin moriyar yawan ɗaliban.

Moriyar kuwa ba ƙarama ba ce. Rajistar manyan ɗalibai a kwalejojin al'umma ta fara raguwa tun bayan 2010, annobar korona ta zo ta ƙara durƙusar da ita. 'Yan sakandare ne suka cike wani ɓangare na gurbin. Kwalejin da rabin ɗalibanta ke zuwa daga wannan hanya ba za ta so ta ɓata wa shugabannin makarantun da ke turo mata su rai ba, kuma wanda ya ci ladan kuturu ya san aikin da ke gabansa.

Jojiya ta nuna ɗaya ƙarshen labarin. Bayan ta faɗaɗa shirinta a 2015 ba tare da iyaka ba, kuɗin da jihar ke kashewa ya ninka sau da dama cikin 'yan shekaru, aka kuma samu yara suna ɗaukar darussan da ba su kai su ga wani digiri ba. A 2020 Gwamna Brian Kemp ya sa hannu a dokar da ta tsayar da abin da jiha za ta biya a kan kiredit 30, ta kuma taƙaita shiga galibi ga 'yan aji 11 da 12.

Kuɗin da ba ko'ina ake karɓarsa ba

Akwai tsohuwar hanya ta samun kiredit ɗin jami'a daga sakandare, wato darussan AP da ƙungiyar College Board ke gudanarwa tun 1955. Bambancinsu da rajista biyu yana da muhimmanci. A AP, ɗalibi yana zana jarrabawa guda ta ƙasa baki ɗaya a watan Mayu, wasu baƙin malamai su duba, a ba shi maki daga 1 zuwa 5, kamar dai yadda hukumar WAEC ke tsayawa tsakanin makaranta da sakamakon ɗalibinta. Wanda bai kai makin da jami'a ke so ba, galibi 3 ko fiye, ya tashi a tutar babu, ko da ya shekara yana zuwa aji. A rajista biyu kuwa malamin da ya koyar shi ne ke ba da maki, kuma wanda ya ci kwas ɗin ya samu kiredit. Wannan ne ya sa iyaye da yawa suka fi son ta, kuma shi ne ya sa manyan jami'o'i masu zaɓen ɗalibai suke mata kallon hadarin kaji. Ko AP ɗin ma ba ta tsira ba: Kwalejin Dartmouth ta sanar a 2013 cewa za ta daina ƙirga makinta cikin kiredit ɗin kammala digiri. A gefe guda, rikicin da ya ɓarke a 2023 tsakanin gwamnatin Ron DeSantis ta Fulorida da College Board a kan kwas ɗin tarihin baƙar fatar Amurka, sannan a kan na ilimin halayyar ɗan Adam, ya nuna cewa jiha na iya rufe ƙofar wani darasi saboda siyasa, ba don inganci ba.

Kiredit kamar takardar kuɗi yake, darajarsa tana hannun wanda aka miƙa wa. Ofishin binciken kuɗin gwamnati na majalisar Amurka ya ba da rahoto a 2017 cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu. Rahoton ya shafi masu sauya kwaleji ne gaba ɗaya, amma ɗan rajista biyu da ya tara kiredit a kwalejin garinsu sannan ya tafi jami'a yana bin wannan ƙofar ce. Akwai kuma wata asara da ba ta fitowa a lissafi. Jami'a na iya karɓar kwas, amma ta ajiye shi a jerin darussan zaɓi, ba cikin waɗanda sashen ya wajabta ba. Yaron da ya zo da kiredit 45 yana son karatun injiniya zai iya tarar da cewa shekara huɗunsa na nan daram, domin darussan injiniya jere suke, wani ba ya yiwuwa sai an ci wani. Jiha ta biya, yaro ya yi wahala, an yi ba a yi ba.

Hatsarin bai tsaya nan ba. Makin da yaro ɗan shekara 15 ya samu yana shiga takardar sakamakonsa ta kwaleji, kuma ba ya gogewa. In ya faɗi kwas biyu ko uku, hakan na iya shafar cancantarsa ta samun tallafin tarayya daga baya, domin ana duba yawan abin da ɗalibi ya ci cikin abin da ya ɗauka. A Ohayo doka ta ba gunduma damar neman iyaye su mayar da kuɗin kwas ɗin da yaronsu ya faɗi, sai fa in an tabbatar da cewa marasa galihu ne. Gidan da iyaye suka yi jami'a sun san waɗannan ramuka, suna kuma kauce musu. Gidan da ba su yi ba ya dogara ne da jami'in ba da shawara na makaranta, wanda sau da yawa ɗaruruwan yara ke wuyansa.

Jihohin da suka ɗauki matsalar da muhimmanci sun fara ne daga ƙarshen hanya. Fulorida tana da lambobin kwas na bai-ɗaya ga dukan manyan makarantun gwamnati tun shekarun 1970, ta yadda kwas mai lamba ɗaya a wannan kwaleji dole a karɓe shi a waccan jami'a. Indiyana ta ƙulla wani dunƙule na kiredit 30 wanda kowace jami'ar gwamnati a jihar ta wajaba ta karɓa gaba ɗaya. Teksas ta bi ta hanyar aljihu. Dokar da Gwamna Greg Abbott ya sa wa hannu a 2023 ta sauya yadda ake ba kwalejojin al'umma kuɗi, daga ƙirga kawunan da suka yi rajista zuwa ƙirga sakamako, kuma cikin abin da ake biya akwai ɗan sakandaren da ya kammala kiredit 15 a jere masu kai shi ga wani digiri ko takardar sana'a. Dokar ta kuma ɗauke wa yaran da suka cancanci abincin makaranta kyauta ko mai rangwame kuɗin darussan. Wannan ya fi kusa da gyaran gaske, domin ya daina saka wa kwaleji a kan tarin darussa barkatai. Amma duk waɗannan garanti suna ƙarewa ne a kan iyakar jiha, kuma ba su ɗaure jami'o'i masu zaman kansu ba.

Ba a ce tsarin ba shi da amfani ba. Cibiyar nazarin kwalejojin al'umma ta Jami'ar Columbia ta gano a 2024 cewa kashi 81 cikin 100 na 'yan rajista biyun da ta bi sawunsu sun shiga babbar makaranta cikin shekara guda bayan sakandare, alhali na sauran ɗalibai gaba ɗaya kusan kashi 70 ne. Sai dai yaran da ke shiga tsarin tun asali su ne masu ƙoƙari da masu iyayen da ke bibiya, don haka ba duka ratar za a jingina wa shirin ba. Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga makarantun sakandare masu haɗe da kwaleji waɗanda ke ɗaukar ɗalibai ta hanyar ƙuri'a, inda aka kwatanta waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ta tsallake, aka tarar na farkon sun fi samun digiri. Amma waɗannan makarantu suna da jadawali tsararre, da masu ba da shawara, da alaƙa ta kusa da kwaleji guda, wato ainihin abubuwan da faɗaɗawar gaggawa ta bari a baya. Rabon ma bai daidaita ba: baƙaƙen fata kashi 8 ne cikin 100 na 'yan rajista biyu, alhali kusan kashi 15 ne na ɗaliban makarantun gwamnati.

Inda batun ya taɓa Abuja

Nijeriya ba ta da irin wannan tsari, amma tambayar da ke ƙarƙashinsa ta riga ta iso teburin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta wata ƙofa. A watan Yulin 2024 ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya tsaya a kan shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a. Magajinsa, Dakta Tunji Alausa, ya mayar da ita 16 a watan Nuwamba na shekarar. A 2025 hukumar JAMB ta buɗe wata 'yar taga ga waɗanda ba su kai 16 ba, bisa sharaɗin su ci aƙalla maki 320 cikin 400 kafin a ci gaba da tantance su. Duk muhawarar ta tsaya ne a kan ranar da za a bar yaro ya ƙetare ƙofa. Jihohin Amurka sun kauce wa wannan ta hanyar barin yaron a makarantarsa da gidan iyayensa, a kai masa karatun inda yake.

Abin da ya fi kama da shi a nan shi ne IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da ita, da kuma JUPEB, waɗanda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a ta hanyar shiga kai tsaye. Sun bambanta da na Amurka ta fuska uku da ke da nauyi: bayan sakandare ake yin su, iyaye ne ke biya, kuma jarrabawar daga waje take zuwa. Ta fuskar amincewa da sakamako, tarayyar Nijeriya tana riƙe da ikon da Washinton ba ta da shi, domin NUC ce ke tsara mafi ƙarancin ma'aunin karatu ga dukan jami'o'i, JAMB kuma ƙofa ɗaya ce ga kowa. Ta fuskar malamai kuwa, jihohin da suka kasa samun isassun masu digiri na biyu a fannin da suke koyarwa suna cikin ƙasa mafi arziki a duniya ne.

A can Amurka, matsin zai ƙaru ne a shekaru masu zuwa. Haihuwa ta ragu tun bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, kuma hasashen hukumar haɗin gwiwar manyan makarantu ta jihohin yamma ya sanya 2025 a matsayin shekarar da yawan masu kammala sakandare zai kai ƙololuwa kafin ya fara sauka. Kwalejoji za su ƙara buƙatar 'yan sakandare domin cike kujeru, jami'o'in shekara huɗu kuma za su ƙara jin zafin rasa kuɗin darussan shekarar farko, waɗanda da cunkoson ajinsu ake tallafa wa ƙananan ajujuwan shekarun ƙarshe. Jami'ar da ke asarar wannan kuɗi ita ce kuma ake roƙo ta karɓi kiredit ɗin da ya jawo mata asarar, kuma a jihohin da doka ba ta tilasta mata ba, magatakardarta ne ke da ta cewa.